Wace ba-zata ce ta fi girma a tarihin hokin ƙanƙara tsakanin ƙasashe?

Tambaya: "Malam, barka da ƙoƙari. Ni mai kallon ƙwallon ƙafa ne, amma kwanan nan na fara leƙa wasan hoki na kan ƙanƙara a intanet. Duk inda na duba sai in ga ana cewa nasarar da Amurka ta yi a kan Tarayyar Sobiyet a 1980 ita ce ba-zata mafi girma a tarihin wasan. Shin gaskiya ne, ko kuwa surutun Amurkawa ne da suka fi kowa iya tallata hajarsu? Akwai wadda ta fi ta? Kuma me ya sa ƙaramar ƙasa take iya kayar da babba a wannan wasa?"

Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya. Abu biyu kake son sani: ko wasan 1980 ya cancanci sunan da aka ba shi, da kuma abin da ke ba ƙarami damar kayar da babba a kan ƙanƙara. Amurkawa sun iya talla, wannan ba a musu, amma a wannan karon hajar tasu mai kyau ce. Idan aka haɗa girman wanda aka kayar da girman abin da ake nema a ranar, ni ma ita nake sawa a gaba. Idan kuwa tazarar ƙarfi kaɗai za a auna, akwai wani wasa da aka yi a ƙasar Folan shekara huɗu kafin nan wanda ya fi shi ban mamaki, sai dai ba a cika ambatonsa ba. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce za ta sa a fahimci ta farko.

Abin da ke buɗe wa ƙarami ƙofa

Kowane ɓangare mutum shida ne a fili, biyar masu yawo da mai tsaron raga ɗaya. Ana yin zango uku, kowanne minti 20, kuma agogo yana tsayawa duk lokacin da alƙali ya busa. Abin da ake bugawa da sanda ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, faɗinsa inci 3. Gudun yana da tsanani, shi ya sa ɗan wasa bai cika wuce minti ɗaya a fili ba, sai a canja shi da wani ana cikin wasa. Wanda ya yi laifi ana fitar da shi na minti 2, tawagarsa ta ci gaba da mutum ɗaya ƙasa da abokan karawarta. Ragar kuwa ƙarama ce ƙwarai, faɗi ƙafa 6, tsayi ƙafa 4, ga mai tsaronta sanye da kayan kariya masu kauri. Da ya durƙusa ya baza ƙafafu, ya toshe mafi yawan ƙasan ragar.

Na yi shekaru ina aikin ƙididdiga a gefen fili a wasannin matasa a wani gari na ƙasar Kanada, inda karatu ya kai ni na kuma zauna. Aikina shi ne in rubuta duk harin da ya isa raga, wa ya buga, daga ina ya buga. Abin da wannan aiki ya fi koya mini shi ne nauyin mai tsaron raga. A ƙwallon ƙafa gola yana iya gama wasa bai yi aikin kirki ya wuce sau huɗu ko biyar ba, amma a hoki ana jarraba shi sau talatin, wani lokaci har hamsin. Gola mai kyau yakan tare kimanin tara cikin goma na harin da aka kai masa. To ka lissafa: babbar tawaga ta kai hari 40, bisa al'ada za ta ci uku ko huɗu. Ranar da golan ƙaramar tawaga ya tashi da ƙafar dama, sai huɗun nan su koma ɗaya ko biyu. Ita kuma ƙaramar, ko hari 16 kacal ta kai, idan golan babbar ya yi sakaci sau biyu, magana ta sauya.

Sai tsarin gasa. A manyan kofunan ƙwararru na Arewacin Amurka sai tawaga ta ci wasa huɗu cikin bakwai kafin ta fitar da abokiyar karawarta, kuma a wasa bakwai da wuya sa'a ta rinjayi ƙarfi. A gasar Olamfik da gasar duniya kuwa wasa ɗaya ne tak, minti 60, kuma a zagayen sili-ɗaya-ƙwale na tsarin yanzu wanda ya faɗi ya tafi gida. Na ƙarshe shi ne ruɗewar babba. Na sha gani a takardata: idan aka shiga zango na uku babbar tawaga tana baya da ci ɗaya, yawan harinta yakan ƙaru amma ingancinsa ya ragu. Kowane tauraro sai ya so ya ceci tawaga shi kaɗai, a riƙa bugu daga nesa, gola yana gani yana kamawa cikin sauƙi. Saboda haka kada ka ɗauki yawan hari a matsayin cikakken ma'auni. Hari 10 daga bakin raga sun fi 30 daga gefe haɗari.

Ma'aunin da nake amfani da shi wajen tantance ba-zata ta gaskiya shi ne in tambayi kaina: da za a sake wasan nan sau goma, sau nawa ƙaramin zai ci? Idan amsar sau ɗaya ce ko ƙasa da haka, kuma wanda aka kayar ya zo da cikakken ƙarfinsa, to ba-zata ce. Idan kuwa daga baya aka ga "ƙaramin" ya ci gaba da cin babban shekara da shekaru, to ashe duniya ce ba ta san shi ba.

Lake Placid, 22 ga Fabrairu, 1980

A gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a garin Lake Placid na Amurka aka buga wannan wasa. Sai ka san wace ce Sobiyet a lokacin kafin ka gane abin da ya faru. Ta ci lambar zinare a Olamfik huɗu a jere: 1964, 1968, 1972 da 1976. A takarda 'yan wasanta ba ƙwararru ba ne, domin dokar Olamfik ta lokacin ta hana masu cin abinci da wasa shiga, amma da yawansu sojoji ne da suna kawai, a kulob ɗin sojoji na Mosko suke, aikinsu hoki ne dare da rana kusan duk shekara. A 1979 sun kara da zaɓaɓɓun taurarin gasar NHL, wadda ita ce gasar ƙwararru mafi ƙarfi a duniya, suka lallasa su 6 da 0 a wasan yanke hukunci. A ragarsu akwai Vladislav Tretiak, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin gola mafi iyawa a duniya a zamanin. A gaba akwai Boris Mikhailov da Valeri Kharlamov da Vladimir Petrov, ga matasa irin su Viacheslav Fetisov da Sergei Makarov da Vladimir Krutov suna tasowa.

Amurka kuwa 'yan jami'a ta tara, yawancinsu ba su wuce shekara 21 ko 22 ba. Kocinsu Herb Brooks, wanda ya ci wa Jami'ar Minnesota kofin jami'o'i sau uku, ya yi wata da watanni yana horar da su da tsanani, suka buga wasannin gwaji wajen 60. Burinsa biyu ne: yaran su iya gudu daidai da Sobiyet har minti na 60, kuma su koyi riƙe faifai da miƙa wa juna irin na Turai maimakon jefa shi lungu a bi da ƙarfi kamar yadda aka saba a ƙasarsu. Duk da haka, kwana 13 kafin wasan da muke magana a kai, tawagogin biyu sun yi wasan gwaji a birnin New York, Sobiyet ta ci 10 da 3.

Ga yadda wasan ya gudana. Krutov ya fara ci, Buzz Schneider ya farke, Makarov ya ƙara. Ana daf da tashi daga zangon farko wani ɗan Amurka ya buga daga nesa, Tretiak ya tare amma faifan ya dawo gabansa, masu tsaron bayan Sobiyet sun riga sun saki jiki suna jiran busa, sai Mark Johnson ya kutsa tsakaninsu ya zura, saura daƙiƙa ɗaya. A nan kocin Sobiyet, Viktor Tikhonov, ya yi abin da har yau ake tattaunawa: ya cire Tretiak ya sa Vladimir Myshkin. Myshkin ba ƙaramin gola ba ne, shi ya tsare raga a wasan 6 da 0 da na ambata. Amma ga yaran Amurka, ganin Tretiak zaune a benci ya cire musu wani tsoro, kuma Tikhonov da kansa daga baya ya amsa cewa babban kuskure ya yi.

A zango na biyu Sobiyet ta mamaye fili, ta kai hari 12 Amurka ta kai 2, amma ci ɗaya kawai ta samu ta hannun Aleksandr Maltsev. Wannan zangon, a ganina, shi ne inda aka ci wasan. Jim Craig ya tsaya a raga ya hana tazarar wuce ci ɗaya, kuma muddin tazara ɗaya ce, faifai guda da ya zame ya isa ya dawo da kai. Haka aka yi. Johnson ya farke a zango na uku lokacin da aka fitar da wani ɗan Sobiyet, sannan kyaftin Mike Eruzione ya ci na huɗu, saura minti 10 daidai. Minti goman nan Sobiyet ta yi ta luguden hari babu tsari. Ko a mintin ƙarshe Tikhonov bai cire gola ya ƙara ɗan gaba ba, dabarar da kowace tawaga ke yi idan tana baya. Tawagar da ba ta saba zama a baya ba, ba ta saba da dabarun wanda ke baya ba. An tashi 4 da 3. Sobiyet ta kai hari 39, Amurka 16.

Akwai abubuwa biyu da talla ke ɓoyewa. Na farko, wannan ba wasan ƙarshe ba ne. Sai da Amurka ta kara da Finlan bayan kwana biyu, tana baya 2 da 1 bayan zango biyu, sannan ta ci 4 da 2 ta ɗauki zinare. Na biyu, yaran nan ba 'yan koyo ba ne kamar yadda ake zuzutawa. Sun riga sun doke Cekoslobakiya 7 da 3 a rukuni, fiye da rabinsu sun shiga NHL daga baya, kuma Ken Morrow ya ci kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a shekarar. Ita ma Sobiyet ta nuna alamun rauni a rukuni, da ƙyar ta doke Finlan da Kanada. Siyasa kuma ta ƙara wa labarin gishiri: Sobiyet ta shiga Afganistan a Disambar 1979, ana tsare da ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a Tehran, Amurkawa suna neman abin da zai ɗaga musu kai.

To me ya sa duk da haka nake ba shi matsayi na ɗaya? Domin babban da aka kayar bai daina zama babba ba. Shekara ɗaya bayan haka Sobiyet ta doke Kanada mai ɗauke da ƙwararrunta 8 da 1 a wasan ƙarshe na Kofin Kanada, ta kuma ci zinare a 1984 da 1988. Ba tsohuwar giwa mai shirin faɗuwa aka samu ba, tana tsakiyar ƙarfinta aka kayar da ita, a wasan da lambar zinare ta rataya a kansa. Hukumar hoki ta duniya, IIHF, da ta cika shekara 100 a 2008, wannan wasa ta zaɓa a matsayin labari mafi girma a tarihinta, kuma hukumar nan a Turai take, ba ta Amurkawa ba ce.

Katowice, 8 ga Afrilu, 1976

Wannan ne wasan da nake so masu karatu su sani. A Olamfik na Innsbruck, a Fabrairun 1976, Sobiyet ta ci Folan 16 da 1. Bayan wata biyu aka buɗe gasar duniya a birnin Katowice na Folan, a zauren da ake kira Spodek, aka haɗa su a ranar farko. Folan ta ci 6 da 4. Matashi ɗan shekara 22, Wiesław Jobczyk, ya ci uku shi kaɗai, Andrzej Tkacz kuma ya yi tsayuwar daka a raga. Sobiyet ta raina wasan har ta fara da golanta na biyu, sai da ruwa ya kai wuya aka sako Tretiak, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ka auna tazarar. Amurka ta 1980 ƙasa ce mai dubban filayen ƙanƙara da tsarin jami'o'i, ta kuma taɓa cin zinare a 1960. Folan ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙari a kan haka, ƙasa ce da ke ƙarƙashin ikon Mosko a siyasance, saboda haka ga mutanen da suka cika zauren nan, doke "babban yaya" a gabansu abu ne da ya wuce wasa. Kuma rashin nasarar ta yi wa Sobiyet illa, domin Cekoslobakiya ce ta ɗauki kofin duniya a shekarar.

Abin da ya hana wannan wasa shahara shi ne abin da ya biyo baya. Folan ba ta iya ɗorawa ba, a ƙarshen gasar nan ma ta faɗo zuwa rukuni na ƙasa. A Lake Placid, bayan shekara huɗu, Sobiyet ta sake cin ta 8 da 1. Da ma'aunina na sake wasa sau goma, ina ganin ko sau hamsin aka sake da wuya Folan ta ci biyu. Wannan ya sa ta fi ta 1980 zama abin mamaki, ya kuma sa ta fi ta ƙarancin tasiri, tunda wasan farko ne na gasa, ba lambar da aka samu. Wanda ya ce mini ita ce ta ɗaya ba zan yi jayayya da shi sosai ba. Bambancinmu a kan abin da muke aunawa ne.

Salt Lake City, 20 ga Fabrairu, 2002

Tun daga 1998 aka bar taurarin NHL su shiga Olamfik, kuma mutane suka zaci ƙananan ƙasashe sun gama yawo. Suwidin ta zo Olamfik na 2002 a Salt Lake City na Amurka da taurari irin su Mats Sundin da Nicklas Lidström, ta doke Kanada 5 da 2, ta ci wasanninta uku na rukuni, ana ganin ita ce ta fi kowa kyan wasa. Belarus kuwa ta sha kashi a wasanni ukun, an zura mata 22 ta ci 6, kuma ɗan wasa ɗaya kacal take da shi a NHL, Ruslan Salei. Aka haɗa su a kwata fainal.

Suwidin ta kai hari 47, golan Belarus Andrei Mezin ya tare 44. Belarus ta kai 19. Ana 3 da 3, saura minti 2 da daƙiƙa 24, Vladimir Kopat ya buga daga can tsakiyar fili, irin bugun da ake yi don kawai a samu sararin canja 'yan wasa. Faifan ya tashi sama, golan Suwidin Tommy Salo ya yi tsalle zai kama, ya buge shi a kai, ya faɗo ta bayansa ya gangara cikin raga.

Ina jin tausayin Salo duk lokacin da aka tuna wannan wasa. Shi ne ya tsare ragar Suwidin a 1994 lokacin da ta ci zinarenta na farko a Olamfik, shi ya tare bugun ƙarshe na Paul Kariya na Kanada a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Amma mutane da yawa bugun Kopat kawai suke tunawa da shi. Jaridun ƙasarsa sun yi wa tawagar kaca-kaca, wata har ta buga hotunan 'yan wasan da albashinsu. A matsayina na mai ƙididdiga, ba na ɗora wa gola alhakin wasan da taurari suka kai hari 47 suka ci uku a kan tawagar da aka zura wa takwas-takwas sau biyu a makon. Belarus ta ci gaba ta sha 7 da 1 a hannun Kanada, 7 da 2 a hannun Rasha, ta ƙare ta huɗu. Suwidin kuwa ta ɗauki zinare a Turin bayan shekara huɗu. Ka ga alamar ba-zata ta gaskiya ke nan, kowa ya koma matsayinsa nan take. Ita nake sawa ta uku, kuma a zamanin da ƙwararru ke zuwa Olamfik ban ga wadda ta kai ta ba.

Waɗanda ba na sawa a wannan sahu

Akwai wasannin da ake yawan jerawa da waɗannan, amma ni ina ware su. A 1954, a Stockholm, Sobiyet ta shiga gasar duniya karon farko ta doke Kanada 7 da 2. Duniya ta girgiza, amma Kanada wani kulob na masu wasan sha'awa ta tura, East York Lyndhursts, domin ta saba kowane kulob ta aika yakan dawo da kofi. Sobiyet kuma ta yi shekaru tana shiri a gida ba wanda ya lura. Bayan shekara biyu ta ci zinaren Olamfik. Haka wasan farko na jerin wasanni takwas na 1972, lokacin da ƙwararrun Kanada suka fara karawa da Sobiyet. Kanada ta ci a daƙiƙa 30 na farko a Montreal, ta kai 2 da 0, sannan aka tashi 7 da 3 Sobiyet ce a sama. 'Yan Kanada sun zo daga hutun bazara jikinsu bai murje ba, suna zaton yawon shaƙatawa za su yi. Sai da Paul Henderson ya ci saura daƙiƙa 34 a wasa na takwas a Mosko kafin Kanada ta tsira da jerin. A duka biyun raini ne da rashin sani suka haifar da mamakin, ƙarfin ɓangarorin ya yi kusa da juna.

Birtaniya ta doke Kanada 2 da 1 a Olamfik na 1936 ta ɗauki zinare, bayan Kanada ta ci zinare huɗun farko a jere. Sai dai kusan duk 'yan wasan Birtaniyar a Kanada suka girma suka koyi wasan, har da golansu Jimmy Foster. Nasarar Jamhuriyar Cek a Olamfik na Nagano a 1998 ma ba na kiranta ba-zata, ko da yake ta fitar da Kanada mai ɗauke da Wayne Gretzky. Tawagar da ke da Jaromír Jágr a gaba, da Dominik Hašek a raga a shekarun da aka zaɓe shi gwarzon NHL sau biyu a jere, ba ƙarama ba ce. Jamus a Olamfik na 2018 ta fitar da Suwidin da Kanada, kowacce 4 da 3, saura ƙasa da minti ɗaya ta ɗauki zinare kafin 'yan Rasha su farke su ci a ƙarin lokaci. Abin yabo ne ƙwarai, amma NHL ba ta saki 'yan wasanta a shekarar ba, don haka ba cikakkiyar Kanada aka doke ba.

Suwizalan a Olamfik na 2006 ta fi kusa da shiga sahun. Ta ci Kanada mai riƙe da zinare, cike da taurari, 2 da 0. Martin Gerber ya tare hari 49, Paul DiPietro, wanda haifaffen Kanada ne, ya ci duka biyun. Abin da ya rage mata nauyi shi ne wasan rukuni ne, kuma Kanada ta shekarar ta sake shan 2 da 0 a hannun Finlan da Rasha.

A nan ya kamata in faɗi iyakar wannan jeri nawa. Tsofaffin wasannin nan a faifan bidiyo da takardun sakamako ake nazarinsu, kuma kayan gola, girman fili da dokokin wasa sun sauya sosai tsakanin 1976 da yau. Kwatanta zamani da zamani hukunci ne na mai kallo, ba lissafi ne da ke da amsa ɗaya ba. Kuma kowace ƙasa da tata: ka tambayi mutumin Latbiya, zai ce maka ranar da suka doke Rasha 3 da 2 a Saint Petersburg a gasar duniya ta shekarar 2000, da Artūrs Irbe a raga, shekara tara bayan sun fita daga Tarayyar Sobiyet. Rasha ta ƙare ta 11 a gasar da aka yi a gidanta.

Inda ake yanzu

Tazarar maza ta ragu matuƙa, domin ƙananan ƙasashe yanzu suna da goloci da suka samu horo irin na manya. Denmak misali ce mai kyau. A 1949 Kanada ta ci ta 47 da 0 a gasar duniya. A Mayun 2025, a garin Herning na Denmak, suka haɗu a kwata fainal, Kanada tana da Sidney Crosby da Nathan MacKinnon, tana kuma gaba 1 da 0 har zuwa mintunan ƙarshe. Nikolaj Ehlers ya farke, Nick Olesen ya ci na biyu saura ƙasa da minti ɗaya, Frederik Dichow ya tare hari 39. Latbiya ma ta ci tagulla a gasar duniya ta 2023 bayan ta doke Amurka 4 da 3 a ƙarin lokaci, har majalisar ƙasar ta ba da hutu washegari. Irin waɗannan suna ƙara yawa, kuma yawansu yana rage musu girman mamaki.

A ɓangaren mata ne tazarar ta fi faɗi har yanzu. Daga 1998, lokacin da aka shigar da hokin mata Olamfik, zuwa 2022, Kanada da Amurka ne kaɗai suka ci zinare, kuma sau ɗaya kacal aka yi wasan ƙarshe ba tsakaninsu ba. Wannan karon shi ne 2006 a Turin, inda Suwidin tana baya 2 da 0 a hannun Amurka a wasan kusa da na ƙarshe, Maria Rooth ta ci biyu ta farke, matashiyar gola Kim Martin ta hana Amurka sakat, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida Suwidin ta yi nasara. Da ma'aunina, wannan wasa ya cancanci zama kusa da na Belarus, kuma ban ga dalilin da ya sa masu jerin ba-zata ke yawan tsallake shi ba. Finlan ma ta kusa a gasar duniya ta 2019 a gidanta: ta fitar da Kanada 4 da 2, ta zura wa Amurka a ƙarin lokaci a wasan ƙarshe, 'yan wasa har sun fara murna, sai aka duba bidiyo aka soke cin, Amurka ta ɗauki kofin a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Tunda ka fara kallo, malam, ka fi mai da hankali kan ranar kwata fainal a gasar duniya da ake yi kowane watan Mayu. Ka lura da abu uku a kan ƙaramar tawaga: ko golanta yana riƙe faifai ba ya barinsa ya dawo gaban raga, ko 'yan wasanta suna kauce wa laifin da zai sa a fitar da su, da kuma ko tazarar ba ta wuce ci ɗaya ba lokacin da aka shiga zango na uku. Idan ukun nan suka haɗu, kada ka tashi daga gaban talabijin.